Yadda ake kallon finafinan ban tsoro a watan Halowin, da yadda ake ba su maki

A Amurka da Kanada da Birtaniya, daren 31 ga Oktoba shi ne daren Halowin. Jajibirin Ranar Waliyyai ce ta Kiristoci, wadda ke faɗowa 1 ga Nuwamba, kuma ana danganta wasu al'adunsa da tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ireland da Scotland mai suna Samhain. A titi bikin yara ne da alewa da shigar dodanni. A wajen masu son fim kuwa ya haifar da wata al'ada ta daban: a ware watan Oktoba don finafinan ban tsoro, a kalla, a rubuta maki. Tashar AMC ta Amurka tana jera su kowace shekara da sunan FearFest, a Letterboxd kuma, manhajar da masu kallo ke ba finafinai maki, akwai gasar Hooptober, wadda aka raɗa wa suna don girmama darakta Tobe Hooper. A ƙasar Hausa ba a bikin Halowin, wannan bayani ma ba na bikin ba ne. Abin da ya shafi mai kallo ko a ina yake shi ne a wannan lokaci kamfanoni ke sako sababbin finafinan tsoro, manhajojin kallo kuma su fito da tsofaffi gaba.

Matsalar ba da maki ita ce yawancin mutane yanayin da suka kalli fim suke aunawa, su ce fim ɗin suka auna. Wanda ya kalla a waya da rana tsaka, yara na guje-guje, zai ce ba komai a ciki. Wanda ya kalla shi kaɗai da ƙarfe ɗaya na dare zai rantse ba a taɓa yin irinsa ba. Don haka aikin kashi biyu ne: a daidaita yanayin kallo, sannan a auna.

Mataki na ɗaya: lissafin lokaci da data

Fim ɗin tsoro yakan ci minti 85 zuwa 110. Ɗauki 100 a matsayin tsaka-tsaki. Fim 31, ɗaya kowane dare, minti 3,100 ke nan, kusan awa 52. Mai aiki ko ɗalibi da wuya ya kai, kuma ko ya kai, daga wajen dare na goma jiki yakan saba. Ƙofa ta yi ƙara ka riga ka san abin da ke bayanta, sai ka fara zaluntar finafinan ƙarshen wata da ƙaramin maki. Fim 15 ya fi dacewa: uku a kowane mako na mako huɗu, sannan ɗaya-ɗaya a daren 29 da 30 da 31.

Fim 15 awa 25 ne. A lissafin Netflix, hoto na matsakaicin inganci yana cin kusan gig 1 a awa, mai kyau kuma yakan kai gig 3. Ke nan ka tanadi tsakanin gig 25 da 75. Kada ka yi rowar data a nan. Idan aka matse bidiyo, wuraren duhu ne ke fara lalacewa, su koma wasu ƴan murabba'ai masu launin toka, alhali rabin aikin irin wannan fim a cikin duhu yake. Sauke fim ɗin gaba ɗaya tun da rana ko da garaɓasar dare, don kada hoto ya tsaya yana juyi a daidai lokacin da hannu ya kai kan mariƙin ƙofa.

Mataki na biyu: tsara jerin

Finafinan tsoro gida-gida ne, kuma kowane gida da jijiyar da yake taɓawa. Akwai na fatalwa da gidan da ba a kwana lafiya, irin Ringu na Japan na 1998 da The Conjuring na 2013. Akwai na mai yanka mutane, wanda Psycho na 1960 ya share wa hanya, Halloween na 1978 ya kafa masa tsari. Akwai na dodo ko baƙuwar halitta, kamar Alien na 1979 da The Thing na 1982. Akwai na gawarwaki masu tafiya, daga Night of the Living Dead na 1968 zuwa Train to Busan na Koriya ta Kudu na 2016. Akwai waɗanda ake yi da kyamarar hannu kamar an tsinci kaset ɗin ne, irin The Blair Witch Project na 1999 da REC na Sifen na 2007. Akwai na shafar aljanu, da kuma waɗanda tsoron nasu cikin ƙwaƙwalwa ko cikin zamantakewa yake, kamar The Babadook na Ostireliya na 2014 da Get Out na 2017.

Dokokin jerawa kaɗan ne. Kada biyu daga gida ɗaya su biyo juna. Jerin ya taɓa aƙalla ƙasashe biyar da zamani huɗu, ka sa ko da ɗaya na kafin 1960, misali Nosferatu na Jamus na 1922, wanda ba a magana a cikinsa. Masu nauyi da tsawo, irin The Wailing na 2016 mai sama da awa biyu da rabi, a ajiye su daren da ba a fita aiki washegari. Bayan kowane mai nauyi a sa mai sauƙi, wanda ya haɗa tsoro da barkwanci, kamar Stree na Indiya na 2018, don kunne da zuciya su huta. Wanda ya saba da finafinan Indiya ya ƙara da Tumbbad na 2018. Akwai kuma His House na 2020, labarin mata da miji ƴan gudun hijira daga Sudan ta Kudu da aka ba su gida a Ingila, da Under the Shadow na 2016, na harshen Farisanci, kan uwa da ƴarta da aljani a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi.

Kada ka kalli tallan fim. Masu talla sukan kwashe wuraren razana mafi kyau su zuba cikin minti biyu. Suna, shekara, darakta da tsawon lokaci sun ishe ka.

Mataki na uku: bincike kafin a kunna

Rubuta shekara tare da suna, domin sunaye na maimaituwa. Halloween uku ne masu suna iri ɗaya sak: na 1978, na 2007 da na 2018. The Thing akwai na 1982 da na 2011. Duba tsawon lokaci ma, saboda fim ɗaya kan zo da yanka biyu. The Shining na 1980 ya kai kusan minti 144 a Amurka, wanda aka nuna a Turai kuma minti 119. Mutum biyu za su iya kwana suna gardama alhali ba abu ɗaya suka gani ba.

Sai alamar shekaru. A Amurka R na nufin ɗan ƙasa da 17 sai da babba, PG-13 ya fi sauƙi. A Birtaniya ana sa 15 ko 18, haka ma hukumar tace finafinai ta Najeriya tana amfani da waɗannan lambobi. Amma lamba ba ta faɗin dalili. The Conjuring ya sami R ne saboda tsananin firgitarwa, wani kuma R ɗinsa na tsiraici ne. A IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai, kowane fim yana da sashen jagorar iyaye mai kashi biyar: tsiraici, zubar da jini, ashar, shaye-shaye, da wuraren firgita. Duba matakin kowanne kawai, kada ka karanta bayanin da ke ƙasa, zai tona maka labari. Wannan mataki wajibi ne in a falon gida za a kalla, musamman ga finafinan masu yanka na shekarun 1980, waɗanda da yawansu ke da tsiraici ba gaira ba dalili.

Akwai waɗanda ya kamata a yi la'akari da su. Mai farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa ya guji finafinai masu fitila mai ƙyaftawa. Mai ciwon zuciya ya nemi shawarar likitansa. Mai saurin jiri ya zauna nesa da allo in na kyamarar hannu ne. Wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan ya ɗage The Babadook da Hereditary na 2018, don dukansu a kan makoki aka gina su. Yara kuwa ba sa cikin wannan lissafi sam, kuma "ai ya yi barci" ba hujja ba ce in yaron na kwance a ɗakin.

Mataki na huɗu: ɗaki, hoto da sauti

Kashe fitilun ɗaki minti goma kafin farawa. Ido yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin kafin ya gama sabawa da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya yana mayar da shi baya. Duhu ƙirin ma yana gajiyar da ido, don haka ajiye ƴar ƙaramar fitila a bayan talabijin tana haska bango, ba fuskarka ba.

A saitin hoto zaɓi Filmmaker Mode in akwai, in babu Movie ko Cinema. Guji Vivid da Dynamic, na shagon sayar da talabijin ne. Kashe abin nan mai santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus ko Picture Clarity. Fim ana ɗaukarsa hoto 24 a daƙiƙa, wannan saitin kuma yana ƙirƙiro hotunan ƙarya ya cusa a tsakani, sai dodon da aka sha wahala aka gina ya koma mutum sanye da roba. Kashe na'urar tsimin wuta ma, don tana rage haske da kanta idan ɗaki ya yi duhu. Don gwada baƙi, tsayar da hoto a wata fitowa ta dare. Ratsin da ke sama da ƙasan allo ya zama baƙi sosai, amma ka iya ganin lanƙwasar baƙar riga. In ratsin ya yi toka-toka, haske ya yi yawa. In rigar ta narke cikin bango, ya yi kaɗan. Nisan zama kuwa, ninka faɗin allo daga kusurwa zuwa kusurwa sau ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya: inci 43 wajen mita 1.7, inci 55 wajen mita 2.2.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, kuma a nan aka fi kuskure. Sifikar waya ba ta iya fitar da gurnani mai zurfi, wanda da shi ake sa gabanka ya riƙa faɗuwa ba ka san dalili ba. In babu manyan sifiku, iyafis mai rufe kunne ya fi sifikar talabijin. Daidaita ƙarfin murya a minti biyar na farko, a wurin da mutane ke hira, yadda za ka ji magana ba tare da ka kasa kunne ba. Daga nan ajiye rimot. Mai rage murya in an yi ƙara, ya ƙara in an yi shiru, ya rushe tazarar da mai haɗa sauti ya gina. Saitin Night Mode ma aikin da yake yi ke nan, a kashe shi. Ƙarar janareto da fanka mai kuka suna cinye shiru, kuma fim irin A Quiet Place na 2018 kusan dukansa shiru ne. In wuta ba ta da tabbas, kwamfutar cinya mai cikakken caji da iyafis sun fi babban allo. In aka ɗauke wuta a tsakiya, koma baya minti goma idan ta dawo, ka kuma rubuta cewa an katse.

Kalli fim da harshensa na asali, da rubutun fassara a ƙasa. Muryar da aka ɗora daga baya, ko ta Turanci ce ko fassarar Hausa irin ta finafinan Indiya, takan danne numfashi da raɗa da ƙarar taku, wani lokaci ma mai fassara ya saka barkwanci inda ake son shiru. Don nishaɗi ba laifi. Don ba da maki ba ta yi ba.

Tsayar da lokaci ɗaya duk wata. Bayan sallar isha'i, wajen ƙarfe tara, fim ɗin minti 100 zai ƙare kafin sha ɗaya, ya bar maka rabin awa kafin kwanciya. Kada ka sha kofi ko shayi mai kauri, kada ka ci goro. Suna sa zuciya bugu, sai ka jingina wa fim aikin da ba nasa ba. In da abokan kallo, kada a wuce mutum huɗu, a kuma yi sharaɗi: wanda ya taɓa gani ya kama bakinsa, kuma kowa ya rubuta makinsa kafin a fara hira.

Mataki na biyar: abin da ake rubutawa ana cikin kallo

Takarda da biro, ba waya ba, kuma ba a tsayar da fim. Ja layi uku ka raba takardar gida huɗu, ka riƙa ɗiga alama a duhu. Hausa ta riga ta rarrabe abubuwan da ake aunawa, kowanne da kalmarsa.

Gida na farko razana ce: abu ya faɗo ba zato, ka zabura. Ita ce mafi arha, ko faɗuwar kwano a kicin tana yin ta. Dabarar tsohuwa ce. A Cat People na 1942 mace na tafiya da dare tana jin kamar ana bin ta, sai wani huci ya tashi, ashe bas ce ta tsaya. Har yau masu sana'ar suna kiran irin wannan razanar ƙarya da sunan furodusan fim ɗin, Val Lewton. Gwajinta shi ne ka tambayi kanka: da an cire ƙarar kiɗan, abin da na gani zai ba ni tsoro? In e, ɗiga alama ka kewaye ta. In a'a, bar ta haka. Fim ɗin da ya tara razana goma sha biyar, biyu kacal aka kewaye, ya fi kusa da mai buga ganga a kunnenka.

Gida na biyu fargaba ce, ita ce zuciyar aikin. Babu abin da ya faru tukuna, amma tsikar jikinka ta tashi, idonka na yawo a kusurwoyin allo. A Halloween na 1978 darakta John Carpenter yakan tsayar da mai kisan can nesa da rana tsaka, a gefen shinge ko tsakanin shanya, ya bar faffaɗan hoto. Bayan sau biyu ko uku ka daina yarda da duk wani fili da ke bayan jaruma. Ɗiga alama duk lokacin da ka lura ka riƙe numfashi, ko ka janye ƙafa daga ƙasa, ko ka waiga bayanka a ɗakinka.

Gida na uku ƙyama ce: jini, rauni, ruɓa. Ba tsoro ba ce, ko da yake tana iya yi masa hidima. A The Thing, halittun da Rob Bottin ya ƙera suna da ban ƙyama, amma aikinsu shi ne su sa ka daina yarda da kowa a sansanin. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 kuwa, duk da sunansa, jinin da aka nuna a ciki kaɗan ne, mai kallo ne ke cike gurbin da kansa. Idan ƙyama ta zo ita kaɗai ba ta ɗauke da komai, ba ta cancanci maki ba.

Gida na huɗu gundura ce: duk lokacin da ka so duba agogo ko ka tuna wani bashi. Alama uku a nan kafin rabin fim babbar shaida ce.

Mataki na shida: lissafin maki

Da zarar sunayen ƙarshen fim sun fara hawa, kafin ka buɗe intanet, ba kowane ɓangare maki daga 0 zuwa 10, sannan ka ninka da nauyinsa. Fargaba sau 3. Sauti da kiɗa sau 2. Labari da ƙa'idar dodo sau 2. Mutanen labari da wasansu sau 1. Hoto da haske sau 1. Ƙarshe sau 1. Nauyin ya haɗu 10, jimilla ke nan 100.

Ƙa'idar dodo tana buƙatar bayani. Kowane abin tsoro yana da dokar da yake bi. A Ringu wanda ya kalli kaset yana da kwana bakwai. A A Quiet Place halittun ba sa gani, ƙara suke bi. Doka ce ke ba mai kallo damar lissafi tare da jarumai, lissafin kuma shi ke haifar da fargaba. Idan fim ya karya dokarsa don ya ceci jarumi ko ya kashe wani, cire maki biyu nan take. A ɓangaren mutane, tambayar ita ce ko wautar da suka yi irin ta mai firgici ce, ko irin wadda marubuci ya tilasta musu don labari ya ci gaba. Mutum ya gudu ya bar makulli, wannan ana yi. Mutum biyar su yanke shawarar rarrabuwa a gidan da aka riga aka kashe biyu, wannan lalacin marubuci ne. Ƙarshe an ware masa maki nasa don nan finafinan tsoro suka fi faɗuwa: a nuna dodo a fili ya zama ba komai ba, ko a tsaya dogon bayani, ko a ƙara wata razana don a buɗe ƙofar kashi na biyu.

Lambobin su kasance da ma'ana tsayayya. 3 na nufin an gwada an kasa. 5 na nufin an yi daidai abin da kowa ke yi. 7 na nufin akwai fitowa aƙalla ɗaya da za ka iya ba wani labarinta bayan wata guda. 9 sai abin da ba ka taɓa gani an yi haka ba. Ga misali: fim ya sami fargaba 8, sauti 9, labari 5, mutane 6, hoto 7, ƙarshe 3. Lissafi: 24 da 18 da 10 da 6 da 7 da 3, jimilla 68. In taurari biyar kake so irin na Letterboxd, raba da 20, ya ba ka 3.4.

Kafin wata ya kama, zaɓi finafinai uku da ka riga ka sani su zama turaku: ɗaya na wajen 40, ɗaya na 65, ɗaya na 90. Duk sabon maki ka gwada shi da su. In ka ba wani 70, tambayi kanka ko da gaske ya fi turken 65. Ba tare da turaku ba, maki yakan yi ta hawa har kowane fim ya zama 80.

A gefe, rubuta wata lamba daban daga 0 zuwa 5: yadda ya tsorata ka kai kanka. Kada ka haɗa ta da jimilla. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai tsoron ruwa ko matsattsen wuri zai firgita da fim ɗin da bai kai ya kawo ba. Haka wanda ya taso yana jin labarin aljanu da mayu, Under the Shadow ko The Exorcist na 1973 za su shige shi fiye da labarin bature mai shan jini a tsohon gidan sarauta, wanda ƙila ko a jikinsa. Wannan bambanci na mai kallo ne, kuma lamba ta biyu ce ke ɗaukarsa.

Mataki na bakwai: makin washegari

Kada ka rufe maki a daren. Da safe amsa tambaya uku: wace fitowa ce ta fara zuwa maka? Ka canza wani abu a daren, kamar barin fitila a kunne ko sake duba sakata? Za ka iya faɗin labarin cikin jimla uku? Ƙara ko rage har maki 5, kada ya wuce haka. Finafinan razana sukan zube da safe, na fargaba sukan hau. Da wannan ne 3.4 ɗin can zai iya hawa har 3.65 ko ya sauko 3.15.

Sai yanzu ka duba abin da wasu suka ce, kana sane da abin da kowace lamba ke nufi. Kason da shafin Rotten Tomatoes ke bayarwa ba maki ba ne, yawan masu sharhin da suka ce fim ɗin ya yi ne, kuma daga kashi 60 ake kiransa mai kyau. Fim ɗin da kowa ya ce "ba laifi" zai iya samun 95. Metacritic matsakaicin makin masu sharhi ne bisa 100. IMDb ƙuri'ar jama'a ce bisa 10, kuma finafinan tsoro sukan zauna ƙasa a can, don haka 6.5 ba abin rainawa ba ne. CinemaScore kuwa ra'ayin waɗanda suka shiga silima a daren farko ne a Amurka, yana auna ko fim ya ba su abin da talla ta yi alkawari. Hereditary ya sami D+ a can alhali masu sharhi sun yaba masa ƙwarai. In makinka ya saba da na jama'a, bar shi yadda yake, ka rubuta dalili a layi ɗaya. The Thing ma da ya fito a 1982 masu sharhi sun yi masa ca, yau kuma yana cikin waɗanda ake koyi da su.

Tsohon fim a auna shi da kayan aikin zamaninsa a ɓangaren hoto, amma kada a yi masa alfarma a ɓangaren fargaba. In bai kama ka ba, rubuta haka. In ka ga finafinai uku a jere sun sami ƙasa da 50, kafin ka zarge su ka huta kwana biyu, wataƙila kai ne ka ƙoshi. Fim ɗin da ka yi barci a cikinsa ko ka bari a rabi ba a ba shi maki, a rubuta "ba a gama ba" da mintin da aka tsaya. In kuma wani ya hana ka barci dare biyu a jere, tsallake duk na gidansa da suka rage a jerin.

Daren 31

Al'adar masu wannan kallo ita ce a rufe da Halloween na 1978, minti 91, wanda labarinsa a wannan daren yake faruwa. An yi shi da kuɗi kaɗan, wajen dala dubu 300, kuma abin rufe fuskar mai kisan na shago ne, na fuskar ɗan wasa William Shatner, aka fesa masa farin fenti. Garin Haddonfield na jihar Illinois, inda labarin ke faruwa, ƙirƙira ne. A Kalifoniya aka ɗauka, ba a lokacin kaka ba, shi ya sa busassun ganyen da ke ƙasa zuba su aka yi, bishiyoyin da ke sama kuma kore shar. Carpenter da kansa ya yi kiɗan, mai bugu biyar-biyar maimakon huɗun da kunne ya saba da shi, don haka ka kasa kunne ka ji yadda yake hana ka samun wurin sauke numfashi. In za ka ƙara na biyu a daren, ka sani Halloween III na 1982 ba ci gaban labarin ba ne, babu mai kisan, Michael Myers, a cikinsa, sai a buɗe masa shafi daban. Tsakanin fim biyun a kunna fitila na minti ashirin, a rubuta makin na farko kafin a kunna na biyu.